Kyanwata ta ci mishmish: guba ne ko ba komai?

"Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Mabera, nan cikin Sakkwato. Surukata ta dawo daga Umara da tsaraba, ciki har da busasshen mishmish, wani an cire masa ƙwallo wani kuma da ƙwallonsa. Shekaranjiya na tarar da ɗana ɗan shekara 4 yana gutsira wa mussarmu, ta kuwa ci kamar loma biyu. Jiya kuma na gan ta tana gara ƙwallon a tsakar gida, wurin da yayyensa suka zauna suna fasawa da dutse suna cin abin ciki. Maƙwabciyata ta ce ta gani a waya wai guba ne ga kyanwa. Har yanzu dai lafiyarta ƙalau, tana ci tana sha. Don Allah gaskiya ne? In hana a ba ta, ko ba komai?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya karɓi ibadar surukarki, ya maimaita mata.

Abin da kike son ji shi ne ko mishmish na kashe kyanwa, ko abin da taki ta riga ta ci zai yi mata lahani, sannan ko a ci gaba da ba ta. To, maƙwabciyarki ba ƙarya ta faɗa ba, sai dai ba ta kai maganar ƙarshe ba. Tsokar mishmish, wato abin da mu mutane muke ci, ba guba ba ce ga kyanwa. Loma biyun da ta ci shekaranjiya, tunda har yau tana ci tana sha tana wasanta, sun riga sun wuce, ki kwantar da hankalinki. Gubar tana cikin 'yar ƙwayar da ke ɓoye a cikin ƙwallon, da kuma ganyen bishiyar da rassanta. Shi ya sa da na karanta saƙonki ba loma biyun ce ta tsaya mini a rai ba. Zaman da yaran suka yi suna fasa ƙwallo suna cin abin ciki shi ne ya tsaya mini, kuma kafin in yi tunanin kyanwar, tunanin su yaran na fara yi. Zan zo kansu.

Mishmish, wanda wasu ke kira afirikot, ba ɗan ƙasarmu ba ne. Bishiyarsa tana bukatar sanyin hunturu mai tsanani da tsawo kafin ta yi fure ta yi 'ya'ya, irin sanyin da hunturunmu ba ya kaiwa. Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, kuma busasshen da ake sayarwa a kasuwannin duniya mai yawa daga yankin Malatiya yake fitowa. Ana noma shi sosai a Uzbekistan da Iran da Afganistan. Mu nan yana zuwa mana ne a jakar alhazai, ko a manyan shaguna, ko a cikin kwalbar jam, ko a matsayin kamaruddin ɗin nan da ake jiƙawa a sha da buɗa-baki. Saboda haka zancen ganye da reshe, wanda ke damun masu kyanwa a ƙasashen da bishiyar ke tsaye a bayan gida, mu bai cika shafar mu ba, sai fa in wani ya shuka ƙwallon a tukunya ya tsiro. In hakan ta faru, a ɗauke tukunyar daga inda kyanwa za ta kai, domin kyanwa na son tauna ɗanyen ganye, kuma ganyen ya fi haɗari a lokacin da ya fara yaushi. Ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta sa mishmish cikin jerin tsirran da ke da guba ga kyanwa da kare da doki, kuma ganye da reshe da ƙwaya ta ambata. Ina kyautata zaton daga irin wannan jeri ne labarin ya kai wayar maƙwabciyarki.

Inda gubar take, da yadda take aiki

A cikin ƙwayar akwai wani sinadari da ake kira amigdalin. Shi kaɗai a zaune ba ya cutarwa. Amma a cikin ƙwayar dai, a wani ɓangare dabam, akwai wani sinadarin da aikinsa shi ne warware amigdalin ɗin. Kamar ashana ce da kwalinta: suna tare a aljihu ba abin da ke faruwa, sai an goga wuta ta tashi. Da zarar an fasa ƙwayar, ko an daka ta, ko an tauna ta ta haɗu da miyau, sai su biyun su gauraya, sai gubar da ake kira sayanayid ta fito. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji su ma suna iya ƙarasa wannan warwarewa. Ɗacin da ake ji in an tauna ƙwayar alama ce ta yawan amigdalin da ke cikinta.

Yadda sayanayid ke kisa ya sha bamban da sauran gubobi. Ba hana numfashi shiga huhu take yi ba. Dabba za ta shaƙi iska, jini ya ɗauki oksijin ya kai shi ko'ina a jiki, amma ƙwayoyin halittar jikin su kasa amfani da shi, domin gubar ta toshe sinadarin da suke sarrafa oksijin da shi. Sai dabbar ta riƙa haki tana neman iska alhali iskar na cike da jininta. Wannan ne dalilin da ya sa dasashinta ke yin ja jawur maimakon ya yi fari ko shuɗi. Ƙwaƙwalwa da zuciya, da yake su ne suka fi cin oksijin, su ne ke fara gazawa.

Wannan guba ba baƙuwa ba ce gare mu, sunanta ne kawai baƙo. Duk makiyayin da ke yankin nan ya san ba a sakin dabba ta ci gyauron dawa, ko ƙaramar dawar da fari ya tsugunar da ita. Gubar da ke ciki ita ce dai wannan, sai dai a dawa wani sinadarin ne mai suna durin ke haifar da ita. Haka rogo mai ɗaci: jiƙawa da tsimawa da matsewa da suyar da ake yi kafin ya zama garin kwaki, duk don a kori wannan guba ne. A aikina nan Sakkwato, sayanayid a jikin awaki da tumaki da shanu na saba ganin ta. Mai dabba zai ce maka da safe lafiya lau ya sake ta, kafin hantsi ta faɗi tana shure-shure, da aka yi sauri aka yanka kuma jinin ya fito ja fiye da yadda aka saba gani. Dabbobi masu tuƙa sun fi saurin kamuwa domin tumbinsu cike yake da ƙwayoyin da ke fitar da gubar daga ciyawa. A kyanwa kuwa abin ba kasafai yake faruwa ba, kuma akwai dalili.

Dalilin shi ne haƙoranta. Allah bai yi wa kyanwa turamen niƙa ba. Fiƙoƙi gare ta na kamu, da haƙoran gefe masu kaifi da ke yanka nama kamar yadda ya dace da mafarauciya. Ƙwallon mishmish kuwa ɓawonsa ya yi tauri, shi ya sa ma yaranki sai da suka nemi dutse. Kyanwar da ke gara ƙwallon da ba a fasa ba wasa kawai take yi, ko ta lashe shi ba za ta kai ga ƙwayar ba. Haɗarin da ke cikin ƙwallo sukutum na dabam ne: ya maƙale mata a maƙogwaro, ko in ta haɗiye ya tsaya a hanji. Kare ya fi yin wannan domin shi haɗiya yake yi ba tunani, amma hanjin kyanwa siriri ne, abin da zai wuce a cikin kare ita zai iya toshe ta, kuma toshewar hanji sau da yawa sai an yi aiki.

Ba a nan gizo ke saƙar ba a gidanki. A gidanki an riga an yi wa kyanwar aikin da haƙoranta ba za su iya ba. Duk inda yara suka zauna suna fasa ƙwallo da dutse, dole gutsattsarin ƙwaya su watsu a ƙasa, wasu a dandaƙe. Babbar kyanwa takan shinshina ta wuce domin harshenta na jin ɗaci sosai. Ɗan kyanwa kuwa komai ya gani sai ya kai baki. In akwai kaji ko akuya a tsakar gidan, su ba ruwansu da ɗaci, tsincewa za su yi.

Bari in ba ki lissafi don ki ga girman abin. Littattafan aikinmu sun ƙiyasta cewa kimanin miligiram 2 na sayanayid a kan kowane kilo na nauyin jiki ya isa ya kashe yawancin dabbobi. Babbar kyanwar gida tana da kilo 3 zuwa 4, ke nan miligiram 6 zuwa 8 sun ishe ta. Ƙwayar mishmish guda nauyinta wajen rabin giram ne, kuma mai ɗaci sosai tana iya fitar da abin da ya kusa miligiram 2. Kin ga ke nan ƙwaya 3 ko 4 masu ɗaci, in an tauna su, sun isa su hallaka babbar kyanwa, ɗan kyanwa mai kilo 1 kuwa guda ɗaya na iya isar sa. Wannan lissafi ne na kusan-kusan, an gina shi a kan dabbobi gaba ɗaya, kuma ƙwayoyin sun bambanta nesa ba kusa ba wajen yawan gubar. Kada kowa ya ɗauke shi a matsayin izini cewa abin da bai kai wannan adadi ba babu laifi. Ƙasa da haka ma yana sa ciwo.

Yanzu ga zancen yaran. Mishmish iri biyu ne ta fuskar ƙwaya: akwai mai ƙwaya mai daɗi, wadda gubarta kaɗan ce, har mutanen wasu ƙasashe na ci kamar gyaɗa, akwai kuma mai ƙwaya mai ɗaci. Tunda yaranki sun zauna suna ci ba su tofar ba, mai yiwuwa mai daɗin suka samu. Amma ido ba ya bambance su, kuma a leda ɗaya ana iya samun gauraye. A shekarar 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa babban mutum in ya ci fiye da ƙananan ƙwayoyi 3 a zama ɗaya yana iya wuce iyakar da ake ganin ba ta da haɗari, ƙaramin yaro mai tatata kuwa ko ƙwaya ɗaya na iya ƙetarar da shi wannan iyaka. Ni likitan dabbobi ne, ba na yara ba, amma wannan bai bukaci dogon nazari ba: ki hana su fasawa daga yau, musamman ɗan shekara 4 ɗin. Duk yaron da ya ci ya fara kukan ciwon kai, ko jiri, ko amai, ko numfashinsa ya sauya, asibiti za a nufa da shi nan take, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da ya ci.

Akwai kuma masu ajiye ɓararriyar ƙwayar a gida da sunan magani. Ana tallar ta a intanet wai bitamin B17 ce, wai tana warkar da ciwon daji. Ba bitamin ba ce. A 1982 aka wallafa sakamakon gwajin da asibitin Mayo na Amurka ya jagoranta a kan marasa lafiya 178, ba a ga wani amfani ba, wasunsu ma alamun gubar sayanayid aka gani a jikinsu. Na kawo wannan ne domin gidan da ke da kwalbar irin wannan ƙwaya, ko garinta, shi ne gidan da kyanwa da yaro suka fi shiga haɗari, tunda babu ɓawon da zai kare su.

Tsokar fa, tunda ba guba ba ce?

A nan ne mutane suka fi yi mini gardama. Sai a ce, Likita, tunda ba ta kisa, kuma kayan marmari ne mai gina jiki, me zai hana a ɗan ba ta? Amsata ita ce mai gina jikin mutum ne, ba na kyanwa ba.

Kyanwa maciyar nama ce zalla, ba irin kare ba da ke iya rayuwa a kan gauraye. Ko zaƙi ba ta ji. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka nuna cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado biyu da ke haɗuwa su samar da abin jin zaƙi a harshe ba ta aiki a jikin kyanwa, haka ma a manyan danginta irin su damisa. Don haka abin da ya ja taki ga mishmish ba zaƙinsa ba ne. Wataƙila taushinsa ne da danƙonsa a baki, wataƙila ƙanshin maiƙo ne a hannun yaron, wataƙila kuma don daga hannun wanda ta saba da shi ya fito. Kyanwar da ta shaƙu da yaro takan karɓi abin da ya miƙo mata ko ba ta so.

Abubuwan da ake yabon mishmish da su kuma, ita ba ta amfana. Launin ruwan lemon nan nasa wani sinadari ne da jikin mutum ke juyawa ya zama bitamin A. Jikin kyanwa ba ya iya wannan juyi yadda zai ishe ta, sai ta samu bitamin A ɗin a shirye daga hanta da sauran kayan dabba. Bitamin C kuwa hantarta ce ke haɗa mata, ba ta bukatar na 'ya'yan itace. Abin da ya rage shi ne sukari da ɓawo, su kuma cikinta ba a shirya shi dominsu ba: miyanta ba shi da sinadarin da ke fara narkar da sitaci kamar namu, hanjinta gajere ne, hantarta kuma ba ta da saurin sarrafa sukari mai yawa a lokaci guda.

Busasshen ya fi ɗanyen matsala, kuma shi ne aka fi samu a nan. Ɗanyen mishmish giram 100 yana da sukari wajen giram 9. In an busar da shi ruwan ya tafi, sai sukarin ya haura giram 50 a cikin giram 100. Kyanwar da ta ci guda biyu ko uku tana iya wayar gari da gudawa da kumburin ciki. Gudawa kuwa a zafin Sakkwato na watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba ƙaramin abu ba ne ga dabbar da asali ba ta da yawan shan ruwa. Ɗan kyanwa yini ɗaya na gudawa ya isa ya kwantar da shi. Sannan busasshen da kika ga launinsa na sheƙi kamar ruwan lemo, an turara shi ne da hayaƙin farar wuta don kada ya yi baƙi. Wannan sinadari yana lalata bitamin B1, kuma kyanwa na cikin dabbobin da ƙarancin B1 ke saurin taɓa wa ƙwaƙwalwa. Loma biyu ba za su jawo haka ba, amma dalili ne na kada ya zama abin kullum. Ki kuma duba ledar tsarabar: sau da yawa ana haɗa mishmish da zabibi. Inibi da zabibi an tabbatar suna lalata ƙodar kare, kuma muna hana a ba kyanwa saboda wannan tsoron. Jam da kamaruddin sukari ne a kan sukari, ba ma sai na tsaya a kansu ba.

Wasu abokan aikina kan ce in kyanwa lafiyayya ce, ɗan gutsuren ɗanyen mishmish wanda bai fi ƙwayar wake ba, an wanke an cire ƙwallo, sau ɗaya a wani lokaci, babu laifi. Ban ce sun yi kuskure ba. Ni dai ba na ba da wannan shawara, domin ban ga abin da kyanwar ta ƙaru da shi ba, na kuma ga abin da take koya: cewa ledar nan abincinta ce. Kyanwar da ta koyi haka ita ce za ta hau kan kwaba da dare ta yage ledar, mai ƙwallo da mara ƙwallo duka. Ga ɗan kyanwa, da tsohuwa, da mai ƙiba, da mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda, ko su abokan aikin nawa ba su yarda a ba su ba. Don haka amsar tambayarki ta ƙarshe: e, ki hana.

Alamun da za ki lura da su

Gubar sayanayid ba ta jira. Takan bayyana daga minti 15 ko 20 zuwa 'yan sa'o'i bayan an ci. Tunda jiya ne kyanwarki ta yi wasa a wurin kuma yau lafiya take, wannan ƙofar ta rufe. Amma ki riƙe alamun saboda gaba: numfashi da sauri, haki da baki buɗe, dalalar miyau, baƙin ido ya buɗe sosai ko da a cikin haske, dasashi ya yi ja jawur, amai, tangaɗi, karkarwa, sai faɗuwa da suma. Ki riƙe wannan musamman: kare na haki don zafi, al'adarsa ce, amma kyanwar da ke zaune tana numfashi da baki buɗe tana cikin matsala, ko mene ne sanadin. Lafiyayyar kyanwa in tana barci numfashinta ba ya wuce sau 30 a minti. Kina iya ƙirga ɗagawar ƙirjinta ki san yadda nata yake tun tana lafiya.

Toshewar hanji kuwa a hankali take zuwa, cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, kuma ita ce har yanzu ba mu gama fita daga lokacinta ba. Ki sa ido har ƙarshen makon nan. In ta fara amai a kai a kai, ta ƙi abinci, ta daina kashi, ta ɓuya a lungu, ko ta yi ƙara in an taɓa cikinta, a kai ta a duba. Kyanwar da ta yi kwana 2 ba ta ci komai ba, ko babu zancen ƙwallo, ba a zuba mata ido, domin yunwa na saurin taɓa hantarta.

In abin ya faru, roƙona shi ne kada a tsaya ɗura. Na san al'adarmu: da an ce guba sai a ɗauko manja, ko madara, ko ruwan gishiri don ta yi amai. Babu ɗayansu da ke karya sayanayid. Dabbar da ke fama da numfashi in aka ɗura mata manja, huhunta yake tafiya, sai a tsira daga guba a mutu da ciwon huhu. Ruwan gishiri shi kansa guba ne ga kyanwa. Kada kuma a ba ta maganin mutane, musamman farasitamol: ƙwaya ɗaya tana kashe kyanwa, domin hantarta ba ta da abin sarrafa shi. A gaskiya kyanwoyin da ake kawo mini da guba, galibinsu farasitamol ne da aka ba su da kyakkyawar niyya, ko maganin ɓera, ko fiya-fiya da aka fesa a ɗaki aka rufe su a ciki. Abin yi shi ne a naɗe ta a zane ko tawul ba tare da an rufe mata fuska ba, a sa ta a kwali mai huji ko kwando, a ɗauki ragowar abin da ta ci, a nufi likitan dabbobi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi a nan cikin gari, akwai kuma asibitin dabbobi na gwamnatin jiha. Maganin gubar akwai shi: ana ba da oksijin, ana yin allurar da ke kama gubar a jini, irin su haidroksokobalamin, wanda wani nau'i ne na bitamin B12 da ake bayarwa da yawa ta jijiya, ko sodiyam tayosalfet. Ba kowane ƙaramin asibiti ne ke ajiye su ba, shi ya sa yana da kyau a buga waya tun ana hanya.

Abin da ya kamata ya maye gurbinsa

Yaronki bai yi laifi ba, tausayi ne ya sa shi raba abincinsa da dabba, kuma abin so ne a addini da al'ada. Kada a tsawata masa har ya ji tsoron kusantar ta. A sauya masa abin da zai miƙa ne kawai: ɗan dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko tsokar kaza, ko gutsuren dafaffen ƙwai, duk ba gishiri ba yaji. Ki ware mata nata kafin ki zuba kayan miya. Wannan ya fi zancen mishmish muhimmanci a wurina, domin yawancin kyanwoyin gidajenmu ragowar tuwo da miya da shinkafa suke ci. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa a hankali har ta rasa jini. Tuwo kuma ba shi da wani sinadari mai suna taurin, wanda sai a nama da kifi take samun sa. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gano cewa rashin wannan sinadari ne ke sa zuciyar kyanwa ta saki ta kumbura, kuma tun kafin nan an san yana makantar da ita. Kyanwar da ke fita tana kama ɓera da ƙadangare takan cike wannan giɓi da kanta. Wadda aka tsare a gida kuwa, abin da kika ba ta shi ke nan. Hanta tana da kyau amma kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako, domin yawanta na tara bitamin A har ya sandarar da ƙashin wuya. Madara, duk da sunan da ta yi, yawancin manyan kyanwoyi gudawa take sa su. Ruwa mai tsabta a inuwa, a wuri fiye da ɗaya, a sauya shi safe da yamma.

Ragowar tsarabar kuma, ki zauna ki cire ƙwallayen da kanki kafin ki ba yara, ki ƙulle su a leda ki jefa inda akuya da kaji ba za su tona ba. A share wurin da suka fasa ƙwallayen da kyau. Mishmish ɗin a zuba a roba mai murfi. Haka za ki yi da ƙwallon danginsa in sun shigo gidan, irin su fic da fulam da ceri, har da 'ya'yan cikin tuffa, waɗanda su ma suna ɗauke da amigdalin duk da nasu kaɗan ne.

Duk wannan na faɗe shi ne a kan abin da kika rubuto. Ban ga kyanwar ba, ban taɓa cikinta ba, ban san shekarunta da nauyinta ba. In 'yar ƙarama ce da ba ta kai wata 6 ba, ko tana da ciki, ko kin ga ƙwallo ya ɓace ba ki san inda ya shiga ba, ki kai ta a duba ko da ba ta nuna komai ba. Idan kin je, ki tambaya a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake fara yi tun dabba na wata 3, a kuma ba ta maganin tsutsar ciki, tunda tana cin abinci daga hannun ƙaramin yaro. Ki karɓi lambar wayar likitan ki ajiye a wayarki da ta maigida.